Cin Gumin Ma'aikata a Harkar Gine-gine da Hanyoyin Hana Shi

Gabatarwa

Harkar gine-gine tana daga cikin manyan hanyoyin da jama'ar jiharmu suke samun abin sakawa a bakin salati. Duk makarantar da aka gina, ko asibiti, ko kwalbati, ko gidan zama, akwai gumin birkiloli da kafintoci da masu ɗaurin rodi da masu walda da masu fenti a cikinta, haka kuma akwai na leburorin da suke kwaɓa siminti suna hawa bene da shi a kwano tun da hantsi har la'asar sakaliya. Da yawa daga cikinsu ba su da wani ajiyayyen kuɗi. Abin da aka biya su da yamma shi ne cefanen gida na gobe.

Duk da haka, a wannan sana'a ce aka fi jin kukan an yi aiki ba a biya ba, ko an biya rabi an ce a dawo ranar Asabar, ko an wayi gari ɗan kwangila ya kwashe kayansa ya kashe waya. Mun shirya wannan bayani domin faɗakar da ma'aikata da 'yan kwangila da masu ba da aikin gini game da yadda wannan cuta take faruwa, da abin da dokokin ƙasa suka tanada a kanta, da matakan da kowane ɓangare zai ɗauka, da kuma wuraren da wanda aka zalunta zai kai kukansa. Abin da mai karatu zai lura da shi tun daga farko har ƙarshe shi ne, cin gumin ma'aikaci ya fi samun gindin zama a wurin da babu rubutu, kuma kuɗin lada yake bi ta hannaye da yawa kafin ya isa ga mai shi.

Mene ne cin gumin ma'aikaci?

Cin gumin ma'aikaci shi ne hana shi duka ko wani ɓangare na abin da ya zama haƙƙinsa saboda aikin da ya yi, ko dai bisa cinikin da aka ƙulla da shi, ko bisa abin da doka ta wajabta. Haƙƙin ya haɗa da ladan yini, da albashin wata, da kuɗin jinga, da kuɗin aikin ƙarin lokaci, da kason fansho, da diyyar rauni. A wasu ƙasashe suna kiran wannan ɗabi'a satar albashi kai tsaye, domin wanda ya riƙe ladan lebura na kwana uku bai bambanta da wanda ya zura hannu a aljihunsa ya ɗauke kuɗin ba.

Ya kamata a bambanta tsakanin wannan da saɓani na gaskiya a kan ingancin aiki. Idan birkila ya ja bango ya karkace, mai gini yana da ikon neman a gyara. Amma wannan iko bai kai ga ya riƙe ladan leburorin da suka yi dakon bulo ba, tun da su sun sauke nauyin da aka ɗora musu.

Dalilan da suka sa abin ya yi ƙamari a wurin gini

Dalili na farko shi ne tsawon jerin hannayen da kuɗi yake bi. Mai aiki, ko gwamnati ce ko kamfani ko wani attajiri, yana bai wa babban ɗan kwangila aikin. Shi kuma ya yanka shi gunduwa-gunduwa ya bai wa ƙananan 'yan kwangila: wannan ya ɗauki ginin bulo, wancan ya ɗauki rufi, wani kuma filasta da tayil. Ƙaramin ɗan kwangila ya nemi heluma, wato shugaban leburori, ya ce ya kawo masa mutum ashirin gobe da sassafe. A kowane mataki akwai mai cire rabonsa, kuma lebura, wanda shi ne na ƙarshe a jerin, sau da yawa bai san sunan kamfanin da yake yi wa aiki ba. Ranar da kuɗi ya maƙale, kowa sai ya nuna na sama da shi ko na ƙasa da shi.

Na biyu, cinikin baki ne kawai. A bakin titi ake ɗibar ma'aikata da asuba, a yi ciniki cikin minti biyu, a hau mota. Babu takarda, babu shaida, babu rajistar da ta nuna wane ne ya zo aiki ranar Talata.

Na uku, aikin gini ba ya zama wuri ɗaya. Ma'aikacin masaƙa ya san ƙofar da zai tsaya ya nemi haƙƙinsa ko bayan shekara guda. Shi kuwa wurin gini, da zarar an miƙa makulli an watse, kuma ɗan kwangila yana iya kasancewa a wata jihar kafin mako ya zagayo.

Na huɗu, masu neman aikin sun fi aikin yawa, musamman da rani lokacin da 'yan ci-rani suke shigowa birane daga ƙauyuka da kuma maƙwabciyarmu Jamhuriyar Nijar. Wanda ya ɗaga murya yau ya san ba za a ɗauke shi gobe ba. Ɗan ci-rani kuma ba zai iya zaman jiran bashi ba idan damina ta faɗi, dole ya koma gona, kuma masu cin gumi sun san haka sarai.

Na biyar, jinkirin biyan 'yan kwangila. Akwai 'yan kwangila masu amana da suke shiga halin ƙaƙa-nika-yi saboda mai aiki ya riƙe musu kuɗi wata da watanni. Akwai kuma waɗanda suke karya farashi ƙasa da abin da aikin zai ci domin su samu kwangilar, daga baya su cike giɓin daga ladan ma'aikata, ko su karɓi kuɗin kafin alƙalami su zuba a wata harkar dabam.

Salon da cutar take zuwa da shi

1. Ƙin biya gaba ɗaya, musamman a makon ƙarshe na aiki, lokacin da ɗan kwangila ya san ba ya buƙatar ma'aikatan kuma.

2. Biyan rabi da rabi. A ba da wani abu a ce sauran sai an fito da kuɗi, bashi ya yi ta taruwa har ma'aikaci ya kasa barin aikin don tsoron kada ya yi asarar abin da yake bi.

3. Kason heluma. Kamfani ya fitar da cikakken lada, mai raba kuɗi ya zaftare wani abu da sunan la'adar samar da aiki. A ƙaddara leburori 20 ne, an yanka wa kowa naira 5,000 a yini, heluma yana cire naira 500 daga kowanne. A yini ɗaya ya tashi da naira 10,000, a kwanakin aiki 26 kuma naira 260,000, alhali bai ɗaga shebur ba.

4. Cin awo a aikin jinga. A rage ƙidayar bulon da aka buga ko aka ɗora, ko a tauye awon filasta da tayil, ko a ƙara aikin da ba ya cikin ciniki ba tare da ƙarin kuɗi ba.

5. Aikin ƙarin lokaci kyauta. Ranar zuba kankare ba a tsayawa sai an gama, wani lokaci har tsakar dare, amma a biya ladan yini ɗaya.

6. Tarar da ba ta da tushe. A yanke lada saboda baro ya karye, ko an makara minti goma, ko a cire kuɗin hular kwano da takalmin kariya waɗanda aikin ne ya wajabta su.

7. Dawwamar da mutum a matsayin ma'aikacin wucin gadi. Ya shekara uku ko biyar a kamfani ɗaya, ana sallamarsa a takarda duk bayan 'yan watanni ana sake ɗaukarsa, domin kada ya cancanci hutu ko fansho ko kuɗin sallama.

8. Cire kason fansho daga albashi ba tare da an tura shi asusun ma'aikaci ba.

9. Yasar da wanda ya ji rauni. Ya faɗo daga kan bene, a ba shi kuɗin mota da na allura, daga nan a manta da shi.

Illar da take biyo baya

Illar farko a gidan ma'aikaci take sauka: bashin mai shago, da korar yara daga makaranta, da rashin kuɗin magani. Amma ba ta tsaya nan ba. Magini da aka riƙe wa kuɗi ba ya tsayawa ya kyautata aiki, wani ma yakan rama ta hanyar karkatar da siminti ko rodi, ginin ya fito da rauni. Ɗan kwangila mai biyan haƙƙi kuma yakan rasa aiki, domin mai cin gumi yana iya karya farashi fiye da shi. A ƙarshe ƙwararrun masu sana'a su bar harkar, matasa su guje ta, ayyukan raya ƙasa su tsaya cik saboda rigima da yajin aiki.

Abin da doka ta tanada

Sha'anin ƙwadago yana cikin jerin abubuwan da tsarin mulkin 1999 ya keɓe wa gwamnatin tarayya, saboda haka dokokin da za mu ambata suna aiki a kowace jiha.

Babbar doka ita ce Dokar Ƙwadago, Babi na L1 a kundin dokokin tarayya na 2004. Ta shafi masu aikin ƙarfi da akawuna, kuma ta amince da yarjejeniyar aiki ko a rubuce take ko da baki aka ƙulla ta. Wannan batu yana da muhimmanci, domin leburori da yawa suna zaton rashin takarda ya kashe musu haƙƙi. Rashin takarda yana wahalar da kafa hujja ne kawai, haƙƙin yana nan. Ga wasu daga cikin tanade-tanaden dokar:

Sashe na 1 ya wajabta biyan lada da kuɗin ƙasa. Ba a tilasta wa ma'aikaci karɓar ragowar katako ko buhunan siminti a madadin ladansa.

Sashe na 5 ya hana yanke lada da sunan tara. Idan ma'aikaci ya jawo asara da gangan ko ta sakaci, ba a cire masa komai sai da rubutaccen izinin jami'in ƙwadago, kuma jimillar abin da za a cire a wata ɗaya ba za ta wuce kashi ɗaya cikin uku na albashinsa ba.

Sashe na 7 ya wajabta wa mai aiki ya bai wa ma'aikaci rubutacciyar takarda kafin cikar wata uku da fara aiki, mai ɗauke da sunan mai aiki, da irin aikin, da yawan lada da yadda ake lissafa shi, da lokacin biya, da sa'o'in aiki, da sharuɗɗan hutu da sallama.

Sashe na 11 ya ƙayyade wa'adin sanarwa kafin sallama: kwana ɗaya ga wanda bai wuce wata uku ba, mako ɗaya ga wanda ya wuce wata uku amma bai kai shekara biyu ba, mako biyu daga shekara biyu zuwa ƙasa da biyar, wata ɗaya ga wanda ya shekara biyar ko fiye.

Sashe na 13 ya ce duk aikin da ya zarce sa'o'in da aka amince da su aikin ƙarin lokaci ne, ya kuma tanadi hutun yini ɗaya a kowane kwana bakwai. Dokar ba ta yanka farashin ƙarin lokaci ba, don haka wajibi ne a daidaita a kansa tun wajen ciniki.

Sashe na 15 ya ce lada yana zama wajibin biya a ƙarshen lokacin da aka yi ciniki a kansa, ko yini ko mako, kuma tazarar biya ba za ta wuce wata ɗaya ba. Dokar ba ta ce sai mai aiki ya biya ɗan kwangila sannan shi ma zai biya ma'aikatansa ba.

Sashe na 75 ya wajabta wa mai aiki ya ajiye bayanan lada da sharuɗɗan aiki har tsawon shekara uku.

Bayan wannan akwai Dokar Mafi Ƙarancin Albashi ta 2019, wadda ta yanka naira 30,000 a wata. A watan Yuli na 2024 aka yi mata gyara aka mayar da shi naira 70,000, aka kuma rage wa'adin sake duba shi daga shekara biyar zuwa uku. Sai dai dokar ta ware wuraren da ma'aikatansu ba su kai 25 ba, da masu aikin jinga ko la'ada, da masu aikin ɗan lokaci.

Dokar Diyyar Ma'aikata ta 2010 ta ɗora wa kowane mai aiki zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da yake biya a wata a asusun da hukumar NSITF take kula da shi, kuma ta hana a cire wannan kuɗi daga aljihun ma'aikaci. Ta haɗa har da ma'aikatan wucin gadi da masu koyon sana'a. Wanda ya ji rauni a bakin aiki, ko iyalinsa idan ya rasu, ya sanar da mai aiki cikin kwana 14, mai aiki ya kai rahoto ga hukumar cikin kwana 7, a kuma shigar da neman diyya cikin shekara ɗaya.

Dokar Fansho ta 2014 ta ɗora wa mai aiki zuba aƙalla kashi 10 cikin 100, ma'aikaci kuma kashi 8, a kamfanonin da suke da ma'aikata 15 ko fiye. Wajibi ne a tura kuɗin cikin kwanakin aiki 7 bayan biyan albashi, kuma akwai tara a kan jinkiri.

Dokar Sayen Kayayyaki da Bayar da Kwangila ta 2007, wadda ta shafi ayyukan gwamnatin tarayya, ta sharɗanta wa mai neman kwangila ya kasance ya sauke nauyin haraji da fansho, ta kuma ɗauki duk biyan da ya wuce kwana 60 a matsayin jinkirin da ke jawo ƙarin kuɗi a kan hukumar da ta ba da aikin.

Har ila yau, tun 1960 Nijeriya ta amince da yarjejeniya mai lamba 95 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya a kan kare lada, wadda ta hana a cire wani abu daga ladan ma'aikaci domin a biya dillalin da ya samo masa aiki.

Inda doka take da rauni

Dokokin suna da kyau a takarda, amma akwai giɓi. Tarar da Dokar Ƙwadago ta yanka wa masu karya waɗannan sassa tun zamanin da naira take da nauyi aka yanka ta, a yau ba ta kai kuɗin buhun siminti ɗaya ba. Mafi yawan gine-ginen unguwa ba su da ma'aikata 25, don haka dokar mafi ƙarancin albashi ba ta hawa kansu. Jami'an ƙwadago ba su da yawan da za su zagaya kowane wurin gini. Bugu da ƙari, lebura mai bin ladan kwana biyar ba zai iya barin aiki ya riƙa zarya a kotu ba. Wannan ne ya sa rigakafi ya fi magani a wannan sha'ani.

Darasi daga wasu ƙasashe

Ƙasar Sin ta daɗe tana fama da riƙe ladan 'yan ƙauye masu aikin gini a birane. Dokar da ta fara aiki ranar 1 ga Mayu 2020 ta wajabta buɗe asusun banki na musamman domin ladan ma'aikata a ayyukan gine-gine, da yi wa kowane ma'aikaci rajista da sunansa na gaskiya, da ajiye kuɗin jingina. Babban ɗan kwangila ne yake tura lada kai tsaye zuwa asusun kowane ma'aikaci, kuma idan ƙaramin ɗan kwangila ya gaza biya, shi ne zai fara biya kafin ya nemi haƙƙinsa.

A Amurka, jihar Kalifoniya tun 2018 da jihar New York tun Janairun 2022 sun ɗora wa babban ɗan kwangila alhakin ladan da ƙananan 'yan kwangilarsa suka riƙe. Ostireliya kuwa daga 1 ga Janairu 2025 ta mayar da tauye albashi da gangan babban laifin da zai iya kai mutum gidan yari har shekara 10.

Katar ta kafa tsarin biyan albashi ta banki a 2015, ta kuma yanka mafi ƙarancin albashi na riyal 1,000 a 2021, ban da kuɗin abinci da masauki. Duk da haka, a 2020 ƙungiyar Amnesty International ta bayar da rahoton ma'aikata kusan 100 a aikin filin wasa na Al Bayt waɗanda suka yi har wata bakwai ba a biya su ba. Wannan ya nuna tsarin banki shi kaɗai ba ya wadatarwa idan babu masu bibiya da hukunci a kan lokaci. Matasanmu masu niyyar fita aikin gini a ƙasashen Larabawa su lura da wannan, kada su tashi sai da rubutacciyar yarjejeniya, kuma ta hannun dillali mai lasisin Ma'aikatar Ƙwadago.

Hanyoyin rigakafi

Ga ma'aikaci:

1. Kafin ka taɓa kayan aiki, ka tabbatar da abu huɗu: nawa ne lada, yaushe za a biya, wane ne zai biya, kuma ƙarfe nawa ake tashi. A yi cinikin a gaban shaidu biyu.

2. Ka san sunan kamfani ko mai ginin da inda ofishinsa ko gidansa yake. Idan akwai allon kwangila a bakin aikin, ka ɗauki hotonsa da waya.

3. Ka riƙe ɗan littafi kana rubuta kwanan wata, da aikin da ka yi, da abin da aka ba ka, da abin da ya saura. Wanda bai iya boko ba ya rubuta da ajami, ko ya sa abokin aiki ya rubuta masa, ko ya naɗi saƙon murya.

4. A aikin jinga, a raba biya mataki-mataki: harsashi, linta, rufi, filasta. A yi awo ko ƙidaya a gaban ɓangarorin biyu kafin a wuce zuwa mataki na gaba.

5. Kada ka bari bashi ya taru. Idan an saɓa alkawari sau biyu, ku haɗu ku yi magana da murya ɗaya tun aikin bai ƙare ba, lokacin da ake da buƙatarku.

6. Kada ka sa hannu ko ka dangwala a takardar da ba a karanta maka ba, ko wadda ba a rubuta adadin kuɗi a kanta ba.

7. Ka shiga ƙungiyar sana'arka. Dokar Ƙwadago ta hana a kori mutum saboda ya shiga ƙungiyar ƙwadago.

Ga mai gina gida ko shago:

Biyan ɗan kwangila bai isa ya kwantar maka da hankali ba. Ka riƙa zuwa ranar biya, ka tambayi leburori da bakinka ko an sallame su. Ka ware kuɗin lada dabam da kuɗin kayan aiki, kuma kada ka ba da cikon kuɗi na ƙarshe sai ka tabbatar babu mai bin bashi. Idan kuɗinka ya ƙare, ka dakatar da aiki ka faɗi gaskiya, maimakon ka ci gaba da gini da gumin mutane.

Ga ɗan kwangila:

Ka ajiye rajistar zuwa aiki ta kullum mai ɗauke da sunan kowa. Ka biya kowane mutum a hannunsa ko a asusunsa na banki, ka yanka wa heluma nasa ladan dabam domin kada ya taɓa na wasu. Ka liƙa farashin lada da ranar biya a wurin da kowa zai gani. Ka sa sharaɗi a yarjejeniyarka da ƙananan 'yan kwangila cewa ba za a ba su kaso na gaba ba sai sun nuna takardar biyan ma'aikata ta kason baya. Wajen lissafin neman kwangila, ka saka kuɗin lada da fansho da diyya yadda suke.

Ga hukumomi da ƙananan hukumomi masu ba da kwangila:

Muna ba da shawarar a saka sharaɗin biyan ma'aikata a cikin takardar kwangila, a nemi shaidar biyan lada kafin a amince da kowace takardar neman biya, a kuma ba hukuma ikon biyan ma'aikata kai tsaye daga kuɗin da ake riƙewa na jingina idan ɗan kwangila ya gaza. A rubuta lambar wayar kai ƙorafi a allon kowane aiki, da Hausa. A cire sunan wanda aka tabbatar ya ci gumin ma'aikata daga jerin masu samun kwangila. Sannan hukumar ita ma ta biya 'yan kwangila a kan kari, domin jinkirinta a kan lebura yake ƙarewa.

Inda za a kai kuka

Matakin farko shi ne neman haƙƙi a wurin mai aiki cikin lalama, tare da shaidu, kuma a rubuce idan zai yiwu. Idan bai yi ba, a nemi shugabannin sana'a ko mai unguwa su shiga tsakani, a rubuta abin da aka daidaita a kai da ranar biya, kowa ya sa hannu.

Idan sulhu ya ci tura, Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya tana da ofishi a babban birnin kowace jiha, kuma jami'anta suna da ikon shiga wurin aiki, da duba takardun biya, da kiran ɓangarorin biyu. Ma'aikatan manyan kamfanoni suna iya bi ta ƙungiyar ma'aikatan gine-gine da katako ta ƙasa, wadda take ƙarƙashin NLC. Batun rauni a kai shi ofishin NSITF, batun fansho kuma ga hukumar PenCom. Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a tana sauraren ƙorafi a kan hukumomi da kamfanoni kyauta, amma a kai shi kafin cikar wata 12. Marasa ƙarfi suna iya neman shawarar lauya a Hukumar Taimakon Shari'a ta Ƙasa.

Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ita ce gyaran tsarin mulki na 2010 ya bai wa hurumin shari'o'in albashi da sallama da sauran rigingimun aiki, a ƙarƙashin sashe na 254C. Tana da rassa a garuruwa da dama, ciki har da Kano da Kaduna da Sakkwato da Jos, tana kuma da cibiyar sulhu ga masu son a daidaita ba tare da doguwar shari'a ba. Mai sana'ar da ya ɗauki jinga a ƙashin kansa, shi kuma bashin ciniki yake bi, yana iya neman shawarar lauya a kan kotun da ta dace da ƙararsa.

A lura cewa bashin lada ba aikin 'yan sanda ba ne, domin Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana kama mutum saboda saɓa yarjejeniya kawai. Amma wanda aka danƙa wa kuɗin ma'aikata domin ya raba ya cinye, wannan cin amana ne, kuma laifi ne a dokar Penal Code. Muna kuma gargaɗin ma'aikata da su guji ɗaukar doka a hannu. Kwashe kayan aiki ko rushe abin da aka gina yana mayar da mai gaskiya mai laifi, ya kuma lalata ƙarar da yake da ita.

Kammalawa

Muna kira ga shugabannin ƙungiyoyin magina da kafintoci da masu walda, da masu unguwanni da dagatai, da malamai da limamai, da su isar da wannan bayani ga waɗanda ba su da damar karanta shi, musamman leburori da 'yan ci-rani. Muna kuma kira ga duk mai shirin aza harsashi, ko na gida ne ko na aikin gwamnati, da ya tanadi littafin rajista da ranar biya tsayayya tun kafin a sauke tifar yashi ta farko. Allah Ya ba kowa ikon sauke haƙƙin da ke wuyansa, amin.